Zauren da Muka Auna da Hannun Albat

Ban taɓa yi wa Baba Garba ƙarya ba sai a Ingila, kuma da na tashi yi ban yi ƙarama ba.

Baba Garba ƙanin mahaifina ne, shi ne Sarkin Maginan ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta. A hannunsa na koyi cuɗa ƙasa da dunƙula tubali, har na haura talatin, ina da mata da 'ya'ya uku, amma in muna kan gini sai ya bi bayana yana shafa inda na yaɓa. A shekarun nan fari ya biyo fari. Mutumin da rumbunsa ba komai ba ya kiran magini, don haka muka yi rani biyu ba mu ɗora tubali a kan tubali ba. Ana cikin haka wani ɗan birni da ake kira Bala Tafinta ya zo da maganar wai ana neman magina a ƙasar Turawa, za su gina wa wani babban mutum zaure irin namu. Ya ce shi zai raka mu, shi zai zama bakinmu. Muka bi shi.

A filin jirgin London Bala ya zaunar da mu a wani benci, ya ce bari ya zaga bayan gida. Ya ɗauki jakar da rigunan sanyinmu ke ciki, wai kada a sace. Muka zauna. Mutane suna ta wucewa kamar ranar kasuwa, ba mai sallama, ba mai kallon wani. Bayan kamar awa uku Baba ya gyara hularsa ya ce, "Isyaku, bayan gidan Turawa nisa gare shi haka?"

Har yau ban sake ganin Bala ba. Ashe mu ya yi tsani da mu ya shiga ƙasar.

Wata Baturiya doguwa ce ta tsince mu, tana riƙe da kwali an rubuta sunan Baba a jiki. Sunanta Madam Helen, mai zanen gine-gine ce. Ta taɓa zama a Kano wata shida, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" ba. Ni kuwa Turancina na firamare ne da wanda na tsinta a wajen aikin titi. Da wannan guntun Turancin na zama tafinta a tsaye, ba shiri. Ta cire mayafin wuyanta ta naɗa wa Baba, ta saka mu a jirgin ƙasa muka yi arewa.

Washegari ta kai mu wajen aikin. Ba gidan babban mutum ba ne, gidan adana kayan tarihi ne, mai faffaɗar haraba da ciyawa shar. Azarar da aka ɗauko daga Kano ta jirgin ruwa tana jibge a gefe, da buhunan makuba, wato garin kwasfar ɗorawa da muke yaɓe da shi don kada ruwa ya ci gini. Baba ya tafi yana duba azarar ɗaya bayan ɗaya, ni kuma Madam ta shimfiɗa mini takardar zanenta a kan tebur. Zaure ne ta zana, mai baka biyu, wato azarar da ake lanƙwasowa daga bango su haɗe a sama su ɗauki rufi. Ta yi mini bayani a hankali don in gane. Za a yi bikin nuna gine-ginen ƙasashe. Zauren zai tsaya wata uku mutane su zo su kalla. Daga nan a kawo mota ta rushe shi, a mayar da ciyawa.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Na san mutumin da na zo da shi. A gidanmu ba a gina abin wasa. Kafin a haƙa tushe sai magini ya san wanda zai zauna, ya auna hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya yanki sanda daidai wannan kamun, da ita za a auna faɗi da tsayi da ƙofa. Haka kakanmu ya yi, haka Baba yake yi. Na taɓa ganinsa ya bar aikin wani attajiri a Ɗanbatta saboda an ce masa ba a riga an san wanda za a saka a ɗakin ba. In na ce masa wannan na kallo ne, a rushe, wallahi jakarsa zai ɗauka ya nemi hanyar gida ko da ƙafa ne. Gida kuwa mun baro mutum goma sha wani abu suna jiran abin da za mu aiko.

Baba ya dawo yana kaɗe hannu. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Azarar ba laifi. Tambaye ta, ina maigidan?"

Na juya na kalli harabar. Can bakin ƙofa ga wani tsoho siriri cikin baƙar kwat, yana jan ƙafa ɗaya, yana tsintar takardu a ciyawa da wani ƙarfe mai tsini. Mai gadin wurin ne. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Ga shi can, Baba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan ne babban mutumin?"

Na ce, "Ya daɗe yana yi musu aiki ne, shi ne za su saka masa da muhalli."

Ya ce, "Madalla. Ashe suna da mutunci. Kira shi."

Na ce wa Madam al'ada ce, sai an auna hannun wani kafin a fara. Shi ma tsohon haka na gaya masa. Sunansa Albat. Ya cire kwat yana dariya, ya naɗe hannun riga, Baba ya kama hannun nan fari sol mai jijiyoyi ya ɗora a kan sanda, ya yi bisimilla ya yanka. Daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Maigida. Madam kuwa ya raɗa mata Mai Takarda.

Aikin ya ba mu wuya. Ƙasarsu baƙa ce, mai danƙo, ba irin jar ƙasarmu ba. Sai da Baba ya sa aka kai shi wurare huɗu yana murzawa yana sansanawa kafin ya yarda da ta wani tsohon ramin bulo. Kashin doki da ciyawa daga wata barga aka riƙa kawo mana. Rana ce babu. Tubalin da a gida kwana kaɗan ya ishe shi, a can sai ya yi mako biyu yana nan laɓo-laɓo, sai da aka kafa mana tanti aka jera injinan hura zafi. In muka taka ƙasa da safe ƙafafuna sukan mutu har in daina jin yatsuna. Masaukinmu ɗaki ne a saman wani gida, matar gidan kullum dankali take dafa mana da wani ganye mara gishiri. Akwai ranar da na tuna miyar kukar matata Hadiza ina tsakiyar cin dankalin nan, sai ga hawaye, na ce wa Baba tururi ne.

Abin da ya fi sanyin damuna shi ne yadda Baba ya ɗauki Maigida da gaske. Madam ta zana ƙofar tana kallon babbar hanya don masu ɗaukar hoto. Baba ya yi kwana uku yana lura da inda ruwa ke bugowa, ya ce sam.

"Gaya wa Mai Takarda, ita ba ita za ta kwana a ciki ba. In na buɗe ƙofa nan, sanyin nan zai kashe bawan Allah kafin shekara."

Na juya na ce wa Madam ruwa zai lalata ginin kafin a buɗe biki. Ta ciji leɓe, ta goge zanenta. Haka muka yi ta yi. Dakalin ciki ya ɗaga shi fiye da yadda aka saba, saboda ya lura gwiwar Albat ba ta lanƙwasuwa sosai. Alkukin ajiye fitila ya sa Albat ya tsaya ya miƙa hannu, ya yi shi daidai inda hannun ya kai. Kowane gyara sai na ƙirƙiro wa Madam dalilinsa, kowane dalili kuma sai na ƙirƙiro wa Baba amsarsa. Na zama kamar mai ɗinkin da zarensa ya ƙare yana ta ƙulli.

Ita ma Madam ba ta da mugunta. Tsayin zauren ya saɓa wa zanenta da 'yan yatsu, ta auna da tef ɗinta ta yi tsaki, ta kuma tsaya nesa ta kalla ta ce na Baba ya fi kyau. Rigima ɗaya suka yi ta gaske, ranar da masu duba gini suka ce sai an saka ƙarfe a cikin baka. Baba ya sauko daga tsani ya zauna a ƙasa ya ce in ƙarfe ya shiga shi ya fita. Aka daidaita a kan za a gwada. Suka jibga buhunan yashi a kan rufin har na daina ƙirgawa. Baba ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin bakan, daidai tsakiya, ya zauna yana jan carbi. Madam tana roƙonsa ya fito, ya yi kamar da bango take. Albat ya tsaya yana kallo, can sai ya ja ƙafarsa ya shiga ya zauna kusa da shi. Ko ƙura ba ta zubo ba.

Azumi ya same mu a can, a lokacin da ranarsu ba ta san faɗuwa ba. Mukan kai wajen ƙarfe tara da rabi muna jiran magariba. Albat ya lura ba ma cin komai. Ya tambaye ni, na yi masa bayani. Washegari ya daina cin abincinsa a gabanmu, kuma in ya tashi aiki ba ya tafiya, sai ya zauna da butar shayinsa da burodi da kifin gwangwani har rana ta faɗi mu sha ruwa tare. Ashe ba shi da kowa. Matarsa ta rasu, ɗansu ɗaya yana wata ƙasa mai nisa, shi kuma yana haya a ɗaki guda bayan tashar jirgi. Shi da Baba sukan yi hira mai tsawo, wannan da Hausa, wancan da Turanci, ba sa ma nemana. Baba ya nuna masa gwiwa, shi ya nuna masa ido, su yi ta gyaɗa kai.

Wata rana Baba ya ce mini, "Idona ya fara hazo, Isyaku. Ina jin wannan ne bakana na ƙarshe. Na gode wa Allah da ya sa na mutumin kirki ne."

Na buɗe baki in faɗa masa. Wallahi na buɗe. Sai na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Ranar buɗe biki muka sa manyan rigunanmu. Zauren ya yi ja, ya yi kyau, zankayensa huɗu a sama, ruwan makuba yana ƙyalli. An zagaye ƙofar da wata jar igiya don kada a shiga, na ce wa Baba sai baƙi sun watse za a cire. Cikin taron sai muka ji an ce, "Salamu alaikum, sannunku da aiki!" Wani likita ne ɗan Katsina da ke aiki a garin, mutum mai furfura. Wata uku Baba bai ji Hausa a bakin kowa ba sai nawa. Ya riƙe hannun mutumin nan da hannu biyu ya ƙi saki, suna ta gaisawa har da tambayar damina.

Likitan ya ɗaga kai ya kalli ginin ya ce, "Kai, Baba, wannan aiki haka! Abin takaici, a ce wata uku kawai zai yi a rushe shi."

Baba ya ce, "A rushe me?"

"Zauren mana. Ai ga shi a rubuce a allon can. In biki ya ƙare za a kwashe."

Baba bai saki hannunsa ba. Ya juyo ya kalle ni. Bai tambaye ni komai ba, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Da ya zage ni a gaban Turawan nan da ya fi mini sauƙi.

Ya ce wa likitan, "Malam, don Allah ara mini bakinka. Nawa ya lalace."

Ya ja shi har bakin ƙofa inda Albat yake tsaye da kwat ɗinsa. Na bi su a baya kamar ɓarawon da aka kama. Baba ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluki ba.

"Gaya masa ni Garba na auna hannunsa, na sa masa rai da muhalli, ashe ba haka ba ne. Ban sani ba, amma hannuna ne ya yi. Ya yafe mini."

Likitan ya fassara. Albat ya dube ni, ya dubi zauren. Sai a lokacin ya gane abin da ake nufi da Maigida. Ya ciro hankici ya share hanci, ya yi magana a hankali, likitan yana mayarwa.

"Ya ce shi bai taɓa zaton nasa ba ne, Baba. Shekara ashirin da biyu yana gadin nan, ya ga an kafa abubuwa da yawa an kwashe. Ya ce amma tunda yake, ba a taɓa yin wani abu daidai tsayinsa ba, ko kwat ɗin nan ta wani ce aka ba shi. Ya ce ba abin yafewa."

Baba ya mayar da hularsa. Ya ce a kira Mai Takarda. Ta bakin likitan ya gaya mata abu biyu. Na farko, a bar Maigida ya riƙa shiga yana zama a dakalinsa muddin ginin yana tsaye. Na biyu, mota ba za ta taɓa masa gini ba. Wanda ya san yadda aka ɗora shi ne zai sauke, da hannu.

Ya nuna ni da haɓa, bai kalle ni ba. "Wannan zai zauna."

Madam ta yi ja har kunnuwa da ta ji abin da na yi. Amma ta amince da duka biyun, ta kuma nemo mini takardar ƙarin zama.

Kwana biyar Baba ya ƙara kafin jirginsa, kuma a kwana biyar ɗin nan in ban da sallama ba abin da ya haɗa mu. Muna ɗaki ɗaya, muna sallah tare, muna cin dankali a faranti ɗaya. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce yunwar gida na tuna. Ya ce, "Na ji," ya juya ya ci gaba da ninke kayansa. A tashar jirgin ƙasa na miƙa masa jakarsa, ya karɓa ya ce, "Daga sama ake farawa." Shi ke nan sallamar da na samu.

Wata ukun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum da safe in zaga ginin in toshe inda ruwa ya taɓa, sannan in koma gefe in tsaya ina kallon mutane suna kallonsa. Wasu su tambaye ni ko a irin wannan nake kwana a gida, wasu su ɗauke ni hoto ba su tambaya ba. Yara sukan sa hannu ta ƙarƙashin igiya su shafa bangon. Wasiƙa ɗaya na samu daga gida, malamin makarantarmu ya rubuta wa Hadiza. Ta ce an yi ruwa, gero ya yi kai, yara lafiya, Baba ya iso. Na juya takardar gaba da baya ina neman inda aka ce yana gaishe ni, babu.

Albat ne ya riƙe ni. Kullum kafin a buɗe ƙofa yakan ɗaga jar igiyar ya shiga, ya ajiye butar shayinsa a alkuki, ya zauna a dakali ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Sai ya ƙwala mini kira da kalmar Hausa ɗaya da ya iya, "Bisimilla!" In shiga in zauna a ƙasa, ya zuba mini. Bai taɓa tayar mini da maganar ƙaryata ba. Sau ɗaya kawai ya ce mini shi ma ya taɓa ɓoye wa matarsa abin da likita ya faɗa, kuma har yau bai san ko daidai ya yi ba.

Da ganye ya fara zuba aka rufe biki. Na hau sama na fara da zankaye, na bi da rufi. Madam ta zo da kayan aiki ta taya ni kwana biyu, hannunta ya yi kanta. Albat ba ya iya hawa, shi ke karɓar tubali a ƙasa yana jerawa a hankali kamar ƙwai. Da na zo kan baka na sare igiyoyin da suka ɗaure azarar, na cire na gefe, na ja da baya ina jiran ya zube. Ya tsaya. Na sa diga na fasa ƙafarsa ɗaya, ya tsaya. Na zauna a kan tsani na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, Albat ya juya baya yana gyaran tubalin da ba ya bukatar gyara.

Na iso gida bayan an gama girbi. Ban shiga wajen iyalina ba, na wuce zauren Baba da jakata a kafaɗa. Yana zaune a kan buzu, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa. Bai tambaye ni hanya ba, bai tambaye ni sanyi ba.

Can ya ce, "Maigida ya zauna a ciki?"

Na ce, "Kullum, Baba. Har ranar ƙarshe."

"Mota ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan matso, ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Ya ba ka wuya?"

Na ce, "Kwana tara na yi, Baba. Huɗu a kan bakan kaɗai. Na sare igiya, na fasa ƙafa ɗaya, ya ƙi faɗuwa."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya ce, ta taso masa tun daga ciki har ta zama tari. Ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami kaina, ya ture hulata, ya dafa.

Ya ce, "Ɗan banza. Tashi ka je yaranka su gan ka, ka dawo mu ci tuwo."